Lissafin Da Ya Tona Asirin Ƙanjamau

Jama'a, a cikin jinin kowane mutum akwai dakaru, su ne fararen ƙwayoyin jini. In ƙwayar cuta ta shiga jiki, su ke tashi su yaƙe ta. Wannan shi a ke kira garkuwar jiki. Yaƙi ne wanda ido ba ya gani, amma ana iya lissafa shi da kwamfuta, watau na'urar lissafi. Ana gaya mata abin da aka auna a jini, ita kuwa ta kwatanta yadda yaƙin ke tafiya.

Ƙanjamau ta daɗe tana ruɗa likitoci. Mutum ya kan ɗauki ƙwayarta ya yi shekara takwas ko goma yana nomansa, yana cin kasuwarsa. A auna jininsa bana, a auna baɗi, yawan ƙwayar bai sāke da yawa ba. Sai aka zaci barci ta ke yi.

Cikin 1995 da 1996, a Amurka, wani likita mai suna David Ho da wani masanin lissafi, Alan Perelson, suka bincika al'amarin. Ku dubi randa mai yoyo wadda yaro ke ta zuba wa ruwa. Kullum ruwan yana wuyanta, sai ka ce lafiya lau ta ke. In kana son sanin yawan abin da a ke zubawa, tsai da yaron, ka ga saurin da ruwan zai ragu. Haka suka yi. Suka ba marasa lafiya magani mai hana ƙwayar hayayyafa, suka riƙa ɗiban jini a kai a kai, sa'an nan suka sa abin da suka samu cikin lissafi.

Ashe ba barci ta ke ba! Cikin jikin mutum ɗaya ana haifar ƙwayoyi wajen biliyan 10 kowace rana, jiki kuma yana ta share su. Farar ƙwayar jinin da cutar ta shiga ba ta kan wuce kamar kwana biyu ba sai ta mutu. Shekara da shekaru dakaru suna faɗuwa ana maye gurbinsu, har ƙarfi ya ƙare.

Lissafin ya nuna wani abu kuma. Cikin wannan tulin ƙwayoyi, kullum ba a rasa waɗanda suka sāke kama, magani guda ba ya cinsu. Don haka daga 1996 aka koma haɗa magani uku, mutane da yawa da aka fid da rai da su suka tashi. Yanzu galibi ukun suna cikin ƙwaya ɗaya, sau ɗaya a rana.

To, mai gida da uwar gida, ga inda maganar ta shafe ku. Mai shan maganin nan ya kan ji ƙarfi ya ce ya warke. Bai warke ba, an danne cutar ne kawai. In ya daina sha, cikin 'yan makonni sai ta taso, wani lokaci ma da irin da ba ta jin maganin. In akwai mai sha a gidanku, ku riƙa tuna masa kowace rana. In zai yi tafiya, ya fara zuwa asibiti ya karɓi wanda zai ishe shi har ya komo.