Kotu da Ma'auninta: Daga Haƙori Zuwa Gashin Kai

Yau kotu muka leƙa, mu ga yadda masu doka ke auna duka, rauni da kisa, kowanne da mudunsa.

A dokar Ingila ba sai hannunka ya sauka a jikin mutum ba. Ka ɗaga sanda har ya sakankance yanzu za ta same shi, ka riga ka aikata laifin kai hari. Masu cika baki a bakin tasha, a yi hattara.

Amma a 1669 wani ya dafa takobinsa, ya ce wa abokin faɗansa ba don alƙalai suna gari ba da bai ƙyale shi ba, kotu kuwa ta ce ai bakinsa da kansa ya shaida ba zai sara ba. Yau ga ranar surutu.

Shiru ma bai tsira ba. A 1997 babbar kotun ƙasar ta tabbatar da laifin wani da ke buga wa mata waya ya ƙi cewa uffan, har tsoro ya taɓa lafiyarsu. Shiru ma magana ce, in ji mutanenmu, ga alƙalan Landan sun sa hannu.

A can kuma, kafin a ce ka sari mutum ko ka ji masa rauni a ma'anar doka, sai fata ta tsage gaba ɗaya. An taɓa karya wa wani ƙashi aka ce wannan ba rauni ba ne tunda fata na nan lafiya, a nemo wa laifin wani sunan. Mai karaya dai ya san abin da ya ji.

Wani kuma ya datse wa tsohuwar budurwarsa gashi da almakashi ba da yardarta ba, a 2006 kotu ta ce ya yi wa jikinta lahani, ko da gashi ba ya jini. Kitso ma yana da lauya.

Tsohuwar dokar Ingila ta fi damuwa da ko za ka iya yaƙi bayan an nakasa ka: a fasa maka haƙorin gaba babban laifi ne, amma turmin haƙori, kunne ko hanci ba su shiga wannan sahun ba, wai muni kawai suke jawowa. Sai wajen 1670, bayan an tsaga wa wani ɗan majalisa hanci, aka yi wa hanci doka tasa. Da ma sai abu ya taɓa manya.

Tun wajen shekara ta 600 masarautar Kent da ke Ingila ta rubuta farashi: haƙoran gaba huɗu sule 6 kowanne, na kusa da su sule 4, na gaba 3, sauran sule ɗai-ɗai. Mai naushi sai ya iya lissafi.

A fiƙihunmu na Malikiyya ba a yi wannan bambancin ba. Diyyar rai raƙuma 100, kowane haƙori raƙuma 5, kowane yatsa 10, babban yatsa da ɗan autansu kuɗi ɗaya. Yau auta ya yi kafaɗa da babban yaya.

Final Kod ɗin Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, jikar dokar Indiya ce ta 1860, ta biyo ta Sudan ta iso mana. A cikinta, dukan da ya kwantar da mutum kwana 20 cikin azaba, ko ya hana shi harkokinsa, ya zama mummunan rauni. Indiya ta mayar da nata kwana 15, jika kuwa ba ta bi kaka ba.

A Indiya ɗin dai, mutum huɗu su tare hanya fashi ne, su cika biyar laifin ya canza suna, hukunci ya ƙara nauyi. Na biyar ɗin nan bai kyauta wa abokansa ba.

Ɗaruruwan shekaru a Ingila, in wanda aka raunata ya wuce shekara ɗaya da kwana ɗaya kafin ya cika, ba a kiran abin kisan kai, kuma dokar laifuka ta kudancin Najeriya ta gaji wannan. Da na'urorin asibiti suka fara riƙe numfashi shekara da shekaru, Ingila ta soke ƙa'idar a 1996. Likita ya ɓata wa lauya kalanda.

Jamus kuwa tun 1979 ta ce kisan gilla ba ya tsufa, ko bayan shekara 50 aka gano ka sai ka gurfana. Furfura ba ta belin kowa.

A da can Ingila har kayan da ya yi kisa ake kamawa: amalanke, doki ko tukunya, a miƙa wa sarki shi ko kuɗinsa. Da jiragen ƙasa suka fara take mutane aka ga kan jirgi ya fi ƙarfin kamu, sai aka soke dokar a 1846. Wa zai ja shi zuwa fada?