A Daina Cike Kududdufai da Sunan Tsafta

Da zarar damina ta ɗauke, sai ka ga tifofi sun yi jerin gwano zuwa bakin kududdufin unguwa. Yau ɓaraguzan gini, gobe shara, jibi jar ƙasa. Kafin wata daminar an yi awon igiya, an yanka fulotai, dillalai sun karɓi la'adarsu. In ka ɗaga murya a ce ai taimakon jama'a aka yi, an kashe gidan sauro. Wannan zance ya ishe ni, kuma abin haushin har masu ilimi na maimaita shi.

Kududdufi, tafki, fadama, duk dangi ne: wuraren da ruwa ke kwanciya wani ɓangare na shekara ko shekara sukutum. Manyansu suna da masu tsaya musu. Tafkin Nguru da mashigar Marma sun shiga jerin yarjejeniyar Ramsar, mai kare irin waɗannan wurare, tun shekarar 2000. Amma kududdufin bayan gidanku babu wanda ya san da shi a wajen ƙaramar hukumarku.

Mu koma kan sauron. Wanda ya cike kududdufi bai rage ko ɗigon ruwan sama ba. Ruwan da ya saba taruwa wuri guda mai zurfi, inda kifi ke cinye tsutsar sauro, shi ne zai warwatsu a lunguna, ya kwanta a sawun taya da gindin katanga. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro kuwa irin waɗannan ƙananan kwatamai marasa zurfi, waɗanda rana ke duka, ya fi so. Wato gida ɗaya aka rushe masa, aka gina masa ɗari. In kududdufi yana wari, a duba waye ya karkatar da kwatar masai cikinsa, waye ya mai da shi bola. Maganin wannan yashewa ne da hana zubar da shara.

Yawancin kududdufan cikin birnin Kano ramuka ne da kakanni suka haƙa don ƙasar gini, daga baya suka zama ma'ajiyar ruwan unguwa. Suna riƙe ruwa a ranar mamako, sannan ya tsiyaye ƙasa sannu a hankali ya ciyar da rijiyoyi. Mutum ya cike su, ya wayi gari da ruwa a ɗaki a watan Agusta, ya sayi ruwan 'yan garuwa a watan Afrilu, sannan ya ce jarrabawa ce. Haba jama'a!

Gaskiya ne madatsun Tiga da Challawa da ciyawar kacala sun yi wa fadamun Haɗeja illa, wannan kuwa ya fi ƙarfin kansila. Amma kada ciyaman ɗin ƙaramar hukuma ya fake a nan. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a filayen da ba na birni ba, har hekta 500 don noma da 5,000 don kiwo. Mai ikon bayarwa yana da ikon hanawa. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 kuma ya ɗora mata magudanun ruwa, kwasar shara da kula da filayen jama'a, a birni da ƙauye.

Aikin farko shi ne ƙidaya. Kowane dagaci da mai unguwa ya kawo sunayen tafkuna da kududdufan ƙasarsa, a auna su a ƙarshen damina lokacin da ruwa ya kai iyakarsa, domin awon bazara yaudara ne. A kafa turakun siminti, a liƙa taswira a sakatariya inda kowa zai gani. Sai majalisar kansiloli ta yi doka: babu cikewa, babu gini sai an bar tazara daga bakin ruwa, babu juye shara. Tarar ta hau kan direban tifa da wanda ya aiko shi, kuma ta zama mai ciwo, don tarar da ba ta kai kuɗin tifa ɗaya ta ƙasa ba kuɗin shiga ce kawai. Dagacin da ya sa hannu a takardar cinikin fili cikin turaku, a kai ƙararsa gaban hakimi. A mayar wa duba-gari aikinsu na zagaye. A bar mashaya da burtali a buɗe ga makiyaya. Inda ruwan ke da kyau, a zuba kifi, a ba matasa da masu noman rani haya ta shekara bisa sharaɗi; wanda yake ci daga tafki shi zai fara ihu in ya ga tifa.

A cikin birni, inda fili ke hannun gwamna, ciyaman ya aika wa hukumar tsara birane jerin kududdufansa a rubuce, ya nemi a cire su daga rabon fulotai. Hana juye shara kuwa, wadda da ita ake fara cikewa, ba ya buƙatar izinin kowa.