Ciro abubuwa da yawa daga jeri a Python: abin da ya kamata ku sani

A harshen kwamfuta na Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, ana tara bayanai a jeri, kowane abu da lambar gurbinsa, kuma daga sifiri ake fara ƙirga. Idan kuna da jerin sunaye, sunaye[0] zai kawo muku na farko, sunaye[1:4] kuma ya yanko na biyu zuwa na huɗu.

To, idan a warwatse suke fa, misali na farko da na huɗu da na shida? A nan ne wasu masu rubuta manhaja ke ba da shawarar a amince da sunaye[0, 3, 5]. A yau in kun rubuta haka, Python zai ƙi, ya ce lamba guda ko yanki kaɗai jeri ke karɓa.

Babban cikas shi ne waƙafin da ke tsakanin lambobin nan yana da mai shi. A NumPy, kayan aikin da masu lissafi da nazarin bayanai suka dogara da shi, a[0, 3] na nufin abu ɗaya tak: wanda ke layi na farko, gurbi na huɗu. A ƙamus na Python ma, inda ake nemo abu da makulli maimakon lambar gurbi, lambobi biyu da waƙafi a tsakaninsu makulli ɗaya ne. Da an karɓi shawarar, rubutu iri ɗaya zai ɗauki ma'ana daban-daban, mai karatu ya rasa wadda ake nufi.

Sannan ga hanyoyin da ake da su tuni. Ana iya rubuta [sunaye[i] for i in (0, 3, 5)], ko a kira itemgetter daga kundin operator. NumPy kuwa ya warware nasa da baka biyu: a[[0, 3, 5]]. Wasu harsunan sun tanadi wannan a jikinsu: Perl na da @a[0,3,5], Ruby na da values_at.

Sauya nahawun Python ba abin gaggawa ba ne. Sai an rubuta takardar shawara da ake kira PEP, an yi muhawara, sannan kwamitin mutum 5 da ke jagorantar harshen tun 2019 ya yanke hukunci. Mai shawara sai ya nuna cewa amfanin ya rinjayi ruɗanin da zai jawo, domin abin da ya shiga nahawu da wuya ya fita. Rage 'yan haruffa kaɗai bai cika isa hujja ba.