Yadda Dabgi Ya Zama "Aladen Ƙasa" a Bakin Mutanen Holan

Duk wanda ya buɗe ƙamus na Ingilishi, kafin ya wuce shafin farko zai ci karo da kalmar aardvark. Sunan dabgi ne, kuma Turawan Ingila aro shi suka yi. Asalinsa harshen mutanen Holan ne, wanda jikokinsu a Afirka ta Kudu suka mayar Afrikaans.

A 1652 Jan van Riebeeck ya kafa wa kamfanin cinikin Holan zango a inda birnin Cape Town yake yanzu. Manoman da suka biyo baya suka tarar da namun daji da ba su taɓa gani ba, sai suka riƙa raɗa musu suna da abin da suka baro gida. Ga wata dabba mai dogon hanci, fatarta ba gashi sosai, tana haƙa rami ta shige. Suka haɗa aarde, wato ƙasa, da varken, wato alade. Har yau a Holan aardvarken ake cewa. Wannan "aa" ɗin da ya kai kalmar sahun gaba a ƙamus, hanyarsu ce kawai ta rubuta wasali mai ja.

Da alama alade bai yi musu nisa a baki ba, domin beguwa ma stekelvarken suke kiranta, alade mai ƙaya.

Sai dai dabgi bai haɗa komai da alade ba. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna danginsa su ne giwa da ayu da rema, kuma shi kaɗai ya rage a rukuninsa, Tubulidentata, sunan da ya samo asali daga haƙoransa masu siraran bututu a ciki. Abincinsa gara da tururuwa. Da dare yake fita, ya fasa suri da farata masu ƙarfi, ya zura harshensa mai yauƙi da kan kai santimita 30. Peter Simon Pallas ne ya fara bayyana shi a kimiyyance a 1766.

Aladen gaskiya a wannan labari shi ne gadu, wanda yakan samu tsohon ramin da dabgi ya bari, ya shiga da baya-baya ya kwana, har macen ta haihu a ciki.