Rabuwar Aure Ba Tare da Shari'a Ba: Abin da Doka Take Nema a Jidda



Ba ma yi wa kowane gida fatan rabuwa. Amma idan zama ya ƙi, miji da mata suka yarda a rabu cikin mutunci, akwai hanyar da hukuma ta shimfiɗa wadda ba sai an tsaya gaban alƙali ana tonon silili ba. Yawancinmu da yadda ake yi a gida muka saba: miji ya rubuta takarda, a kai wa waliyyi, dattawa su shaida, shi ke nan. A nan wannan bai wadatar ba.

Tun watan Yunin 2022 Saudiyya take aiki da rubutacciyar dokar iyali, wadda Larabawa ke kira Nizamul Ahwalish Shakhsiyya. Da ita kotunan iyali suke hukunci, kuma a wurare da dama ta saɓa wa abin da muka karanta a Risala da Askari na mazhabar Malikiyya. Shi ya sa muke roƙon dattawan da ake kira sasanci su san bambancin, kada a yanke magana a zaure, a je ofis a tarar da wata.

Rabuwa da yardar juna iri biyu ce. Ko dai miji ya yi saki, ko kuwa a yi kul'i, wato mace ta nemi rabuwa ta ba da fansa, mijin ya amince.

A ɓangaren saki, dokar ta ce dole mai sakin ya kasance cikin hankalinsa, da zaɓin kansa. Sakin wanda aka tilasta, ko wanda fushi ya rufe masa ido har bai san abin da yake faɗa ba, ba ya aukuwa. Haka wanda ya saki matarsa tana haila ko jinin biƙi, ko cikin tsarkin da ya sadu da ita, alhali ya san halin da take ciki. Sannan saki uku a kalma ɗaya ko a zama ɗaya, ɗaya ake lissafawa. A wurin malamanmu na Malikiyya igiya uku ta tsinke ke nan, don haka duk wanda wannan ya same shi, ya tambayi malamin da ya amince da shi, amma ya sani takardar hukuma ɗaya za ta rubuta.

Wajibi ne miji ya yi rajistar sakin cikin kwana 15 daga ranar da auren ya yanke gaba ɗaya. Idan ya ƙi, matar kuma ba ta san an sake ta ba, tana da haƙƙin diyya wadda ba za ta gaza kuɗin ciyarwa na tsawon lokacin da aka ɓoye mata ba. Kome ma haka: wanda ya yi rajistar saki sannan ya mayar da matarsa cikin idda, yana da kwana 15 ya rubuta komen. Tun Janairun 2019 Ma'aikatar Shari'a take aika wa mace saƙon waya idan an rubuta sakinta, saboda haka lambar da ke kan sunanta ta zama tana hannunta, ba a aljihun maigida ba.

Kul'i kuwa yana inganta da yardar su biyun kawai, muddin baligai ne masu hankali, ba ya bukatar hukuncin alƙali, amma shi ma sai an rubuta shi. Dole a sami fansa. In babu, hukuncin saki ake bi. Idan sadaki ne fansar, abin da ta karɓa a hannu kaɗai za ta mayar, ragowar da ba a biya ta ba ta faɗi. A dokar nan kul'i ba ya cin igiya ko ɗaya cikin ukun, sai dai miji ba shi da ikon kome. In suna son juna daga baya, sai sabon ɗaurin aure da sabon sadaki.

Ga inda muka fi ganin ana cutar mata. Sai a ce mata, "In kina son takardarki, ki bar masa yaran, ki yafe kuɗin abincinsu." Dokar ta hana wannan a fili: riƙon yara da haƙƙoƙinsu ba sa zama fansar kul'i. Bayan rabuwa uwa ce ta farko a riƙo, sai uba, sai kakar wajen uwa, sai kakar wajen uba, kuma yaro in ya kai shekara 15 yana iya zaɓar inda zai zauna. Ciyar da su na kan uba, ko a hannun wa suke. Dattijon da ya sa baki aka karɓe wa mace 'ya'ya da sunan sulhu, a ganinmu bai yi sulhu ba.

Iddar mai haila jini uku ce, wadda ba ta haila wata uku, mai ciki kuwa sai ta haihu. Wadda aka yi wa sakin da ake iya kome tana da ciyarwa har idda ta ƙare. Wadda aurenta ya yanke ba ta da ita sai in tana da ciki.

Ana shigar da buƙatar ta shafin Najiz na Ma'aikatar Shari'a, sulhu kuma, musamman inda akwai yara, ana yin sa ta manhajar Taradhi. Abin da ake fara tambaya shi ne shaidar zama, wato iƙama, da takardar aure. Nan ne da yawa daga cikinmu suke tsayawa cik. Wasu a masallacin unguwa aka ɗaura musu aure ba a rubuta ba, wasu kuma takardunsu sun salwanta a hidimar tashi lokacin da aka rushe Karantina da Gulail da Petromin. Auren da hukuma ba ta san da shi ba, sai an fara tabbatar da shi kafin a rubuta mutuwarsa. Wanda aka ɗaura a gida kuwa, takardarsa na bukatar fassara zuwa Larabci da hatimin tantancewa; a tuntuɓi ƙaramin ofishin jakadancin ƙasa, Nijeriya da Nijar da Gana duk suna da nasu a Jidda.

Matar da iƙamarta ke ƙarƙashin mijinta, a zauna a warware maganar zamanta da na yaran tun kafin a sa hannu: wa zai sabunta, wa zai biya, fasfo ɗin yara kuma a hannun wa zai kasance. A rubuta duk wannan cikin takardar sulhun, kowannensu ya riƙe kwafinsa.