Bilanda Ta Ƙi Tashi? Kasa Kunne Kafin Ki Kai Ta Wurin Mai Gyara

Cikin azumin bara, wajen la'asar sakaliya, ƙanwata ta kira ni a waya muryarta har rawa take. Ta jiƙa wake, ta surfa, ta wanke, ta zuba a bilanda da albasa da attarugu, ta danna makunni, shiru kake ji. "Yaya, bilandar nan ta mutu, ga shi wurin mai injin markaɗe layi har bakin titi." Na ce ta ɗaga kofin ta sake zaunar da shi, ta murɗa har sai ta ji ya yi ƙas. Ban kashe wayar ba na jiyo rugugin inji. Wata bakwai kacal da sayenta, saura ƙiris a jefa ta bayan ɗaki.

Abin da ya faru ba siddabaru ba ne. Bilanda da yawa na zamani suna da wani ɗan makunni ɓoyayye a inda kofi ke zama, wasu ma har a murfi. Muddin kofin bai danne shi ba, wuta ba za ta shiga injin ba. Da gangan aka yi haka, don kada wuƙa ta juya alhali hannun yaro yana kusa. Wani lokacin busasshen ƙullu ne ko 'ya'yan tumatir suka toshe ramin makunnin, sai a sa tsinken sakace a share.

Amma kafin ki taɓa komai, uwargida, zare filogi daga soket. Kashe makunni kawai bai wadatar ba. Mu da wutarmu ke tafiya ta dawo ba sallama, ana iya barin makunni a kunne a manta, ki sa yatsa cikin kofi kina ciro abin da ya maƙale, a kawo wuta. Wuƙar tana juyawa sau dubbai a minti ɗaya, ba ta san nama da ƙashi ba. Hannu kuma ya zama busasshe.

Daga nan sai aikin kunne. Bilandar da ta ƙi tashi iri biyu ce: mai shiru ƙus, da mai gurnani ba tare da wuƙa ta motsa ba. Kowacce da cutarta.

Idan shiru ta yi, wuta ce ba ta iso injin ba, don haka a fara daga bango. Soka cajar waya ko fanka a wannan soket ɗin ki gani. In kina amfani da doguwar waya mai ramuka da yawa, cire ta ki sa bilandar kai tsaye a bango, don masu arahar nan da wuri suke saki ko su narke ta ciki. Sai ki bi wayar bilandar da ido daga kai har gindi. Ɓera yana gwaguyar ta, gefen risho yana ƙona ta, kuma ta fi karyewa a inda ta shiga jikin injin saboda yawan naɗewa.

In duk wannan lafiya, buɗe filogin. Filogi mai ƙafa uku irin na Ingila, wanda muke amfani da shi a Najeriya, yana da fis a ciki, ɗan ƙarami mai hular ƙarfe a kai da ƙasa, an rubuta 3A ko 5A ko 13A a jikinsa. Idan ya mutu, a sayi mai lamba ɗaya da shi a sa, kuɗinsa bai kai na kwanon tumatir ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu naɗe mataccen fis da zaren waya ko takardar ƙarfe ta kwalin sigari. Bilanda za ta tashi, i. To amma aikin fis kenan ya mutu a madadin injin. Ranar da wuta ta haukace, koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin injin, shi ne zai ƙone, in ba a yi sa'a ba har da kicin ɗin. Idan kuma kin sa sabon fis ya sake mutuwa nan take, kada ki sa na uku. Akwai wayoyin da ke haɗuwa a ciki, aikin mai gyara ne.

Akwai kuma shirun da ke zuwa a tsakiyar aiki. Kina cikin markaɗa aya ko jiƙaƙƙen gero, ta tsaya cak, gindinta da zafi. Yawancinsu suna da abin da ke yanke wuta idan injin ya yi zafi fiye da kima. Zare filogi, rage kayan, ba ta kamar minti 20 zuwa 30 ta huce. Wasu suna da ɗan maɓalli ja a ƙarƙashi da ake dannawa. Gaskiyar magana, mu muke ɗora wa ƙaramar bilanda mai wat 300 ko 400 aikin injin Lister na kasuwa. An ƙera ta ne ta yi minti ɗaya ta huta, mu kuwa sai mu cika ta da waken alalar gidan biki mu danne makunni muna hira.

Gurnani ya fi shiru haɗari. Ma'anarsa wuta ta shiga, injin yana ƙoƙarin juyawa wani abu ya riƙe shi, kuma duk daƙiƙar da kika bar shi a haka koyil yana dahuwa. Kashe nan take. Bayan kin zare filogi, ɗaga kofin ki juye kayan a roba, ki kifa shi, ki murɗa ɗan abin nan mai haƙora da ke ƙarƙashinsa da yatsu, ta waje, ba ta wajen wuƙa ba. In yana juyawa salin-alin, kaya ne suka yi yawa ko ruwa ya yi kaɗan. Sai a fara zuba ruwa, a yayyanka abu ƙanana, dabino a cire masa ƙwallo, citta busasshiya da kanumfari a daka su a turmi tukuna. In kuwa ya cije, ƙullu ne ya bushe a gindin wuƙar ko tsatsa ta kama shi. Zuba ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, ki bar shi ya jiƙa, ki riƙa murɗawa a hankali. Idan kina ganin ruwa mai launin tsatsa yana ɗiga ta ƙasan kofi, robar da ke toshe wurin ta gaji, kuma ruwan nan cikin injin yake gangarawa. Ana samun gindin wuƙa shi kaɗai a wurin masu sayar da kayan lantarki, kamar a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Ki tafi da tsohon a gwada, don kowane kamfani da nasa girman.

Raunin wuta ma yana sa gurnani. Wutar gida a Najeriya ya kamata ta kai bolt 230, amma kowa ya san daren da ƙwan lantarki ke ja kamar garwashi. A irin wannan lokaci bilanda ba ta da ƙarfin ture kaya, sai zafi. Haka ƙaramin janareta, wanda ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba: in firji ko dutsen guga na kai, babu sauran abin da zai bai wa bilanda. Idan kuwa injin yana gudu da ƙara amma wuƙa tana tsaye, haƙoran roba da ke haɗa kofi da injin ne suka cinye, ana canza su.

A kula da tsarabar waje. Bilandar da aka ƙera don Amurka bolt 120 take sha, duba rubutun da ke ƙarƙashinta kafin ki soka. In kika ba ta 230 kai tsaye, za ta yi kururuwa ta yi hayaƙi, shi ke nan. Tana buƙatar taransifoma mai rage wuta wadda ƙarfinta ya fi nata. Masu filogi mai ƙafa biyu zagayayyu, irin wanda ake amfani da shi a Nijar, a saya musu abin haɗi ko a canza filogin, a daina tura tsinke ko makulli a ramin sama na soket don a buɗe hanya.

Inda hannunki ya kamata ya tsaya shi ne murfin gindin injin. Warin ƙonewa, tartsatsi, ko jin wuta tana jan hannu, duk na mai gyara ne. Idan sai an buga ta take tashi, yawanci 'yan gawayi biyu da ke gogar injin daga ciki ne suka cinye, kuma canza su ba tsada. Ki ce ya nuna miki abin da ya cire. In ya ce zai "haɗa ta kai tsaye", wato ya tsallake abin da ke yanke wuta idan injin ya yi zafi ko makunnin kofi, ki ce a'a, ya nemo sabo ya sa. In kuma ya ce koyil ya ƙone sai an sake naɗi, tambayi kuɗin, ki biya kasuwa ki ji farashin sabuwa kafin ki ba shi amsa.