LAFIYAR BAKI DAGA TUKUNYA TAKE FARAWA

Da yawa daga cikin masu zuwa sashen haƙori ba sa zuwa sai kunci ya kumbura, barci ya gagara. Alhali kuwa yawancin ciwon baki daga abinci yake farawa, ko dai abin da muke ci fiye da kima, ko abin da jiki ke buƙata bai samu ba.

Yadda sukari ke cin haƙori

Akan ce tsutsa ce ke cin haƙori. Ba tsutsa ba ce. Akwai ƙwayoyin cuta a bakin kowa. Duk lokacin da kuka sha shayi mai sukari, ko lemon kwalba, ko yaro ya tsotsi alewa, waɗannan ƙwayoyi sukan ci sukarin su fitar da wani ruwa mai tsami. Shi ne yake zaizayar haƙori har ya yi kogo. Yawan maimaitawa ya fi yawan sukarin illa. Wanda ke kurɓar zaƙi sau biyar a yini, haƙorinsa ba ya samun hutu.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 na sukari a yini, in da hali ma 6. Kwalbar lemo ɗaya kawai takan ɗauki kusan cokali 9. Sai ku lissafa da na koko, da fura, da zoɓo.

Cutar zaizayar baki

Ƙarancin abinci kuwa ya fi wannan haɗari, musamman ga yara. A yankin Jahun da Miga da Auyo har zuwa Haɗejiya, damina lokaci ne da rumbu yake yin ƙasa, sauro kuma yake yawa. In aka yi ambaliya irin ta 2022, wadda ta cinye gonaki da yawa a Jihar Jigawa, sai abin ya ƙaru. A irin wannan hali ne tamowa da zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda suke raunana yaro, har cutar zaizayar baki, wadda likitoci ke kira noma, ta sami ƙofa.

Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6. Takan fara da kumburin dasashi da zubar jini da warin baki. Daga nan sai kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki naman ya yi baƙi ya ɓurme. In ba a yi magani ba, kusan yara 9 cikin 10 sukan rasu. Wasu suna kiranta ciwon iska, amma ba aikin iska ba ne, kuma ba a ɗaukarta daga wani. In an kawo yaro tun ciwon yana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sukan warkar da shi ba tare da tabo ba. Waɗanda ta riga ta ɓata wa fuska, akwai asibitin yara masu wannan cuta a Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, inda ake yi musu aiki. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Baki da sauran jiki

Mai ciwon sukari ya fi saurin kamuwa da ciwon dasashi, ciwon dasashin kuma yana hana sukari daidaita. Mai juna biyu takan ga jini in tana goge baki. Kada ta daina gogewa, ta gaya wa ma'aikaciyar awo. Sigari da taba gari suna kawo ciwon dasashi da sankarar baki. Tsohon da haƙoransa suka zube kuwa ba ya iya tauna, sai ya rame.

Abin da za ku yi

1. A shayar da jariri nonon uwa zalla wata 6, a ci gaba har shekara 2.
2. A ƙara wa kunun yaro gyaɗa ko waken suya. A ba shi wake, ƙwai, nono, zogale, da kifin da Allah ya hore wa yankinmu. Goba da lemon zaƙi da mangwaro suna ƙarfafa dasashi.
3. A kai yaro allurar ƙyanda a wata 9, a maimaita a wata 15. Ya kwana cikin gidan sauro.
4. A goge baki safe da dare da buroshi da man goge baki mai sinadarin fuloraid. Aswaki ma yana da amfani, in an bi kowane haƙori ciki da waje.
5. Uwa, ki riƙa buɗe bakin ɗanki kina dubawa kowane mako, musamman bayan ya yi ƙyanda ko zazzaɓi.

In kun ga dasashin yaro ya kumbura, yana jini ko wari, ko kuncinsa ya tasa, kada ku jira ranar kasuwa, kada kuma a tsaga ko a shafa wani abu. Ku kai shi asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Jahun ko na Haɗejiya, a ranar. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.